Tsohon da Ya Koya Mini Faɗuwa

Tun kafin wani abu ya same ni nake tsoron faɗuwa da goyo. Labari kawai na ji, ina da cikin wata bakwai, a bakin goggona da ta zo duba ni daga wajen Maradun. Ta ce ran da aka ce mutanen ƙauyensu su watse, wata mata ta fita da gudu, santsi ya kwashe ta, ta tafi ta baya da jariri a bayanta. Matar ta tashi. Goggo ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ci tuwonta ta koma gida, ta bar ni da labarin.

Na haihu lafiya, ɗiya mace. Aka yi suna, na gama wankan jego, amma na kasa ɗora yarinyar a bayana. Da na ɗauko majanyi sai in mayar da shi in ajiye.

Wanda ya koya mini abin da zan yi da wannan tsoro shi ne surukina, mahaifin maigidana. Yau kwana goma sha biyu da rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci. Ban taɓa faɗin sunansa ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Baba muke ce masa. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga idan ban rubuta ba, abin da maza suka faɗa a ƙofar gida shi kaɗai zai saura, kuma rabin labarin ne.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidanmu, nan gefen Talata Mafara. Maza suna waje a kan tabarmi, mu mata muna ciki, katanga ce kawai tsakaninmu, duk abin da aka faɗa muna ji. Liman ya ce Baba bai taɓa barin sahun farko ba. Maƙwabcinsa na gonar shinkafa ya ce shekara da shekaru suna raba ruwan Bakolori, bai taɓa toshe masa ruwa ya juya wa tasa gonar ba. Amma waɗanda suka fi daɗewa suna magana su ne tsofaffin 'yan kokawa da suka zo daga Bakura da Birnin Tudu, wasu a bayan babur, wasu da sanda. Baba ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, ya daina tun kafin a haife ni.

Na ji wani mai dusasshiyar murya yana cewa, "Wanga bawan Allah, tun muna samari ba a taɓa kai gwiwatai ƙasa ba."

Wani ya ce, "Sai ga salla."

"Awo, sai ga salla. Hannu ma bai taɓa dafa ƙasa ba. Ya tahi da abinai, ba a kayar da shi ba."

Inna, surukata, tana zaune kusa da ni da carbi a hannu, idanunta sun kumbura. Da ta ji haka sai ta ɗago ta dube ni. Wallahi saura kaɗan ta yi dariya a tsakiyar makoki. Ta matso ta raɗa mini, "Kin ji su? Ba su ga bayan rumbu ba."

Ni na ga bayan rumbu.

Baba mutum ne da ba ya duban fuskar matan 'ya'yansa, mu ma ba ma duban tasa. Idan zan gaishe shi nakan durƙusa daga nesa, in sunkuyar da kai, ya amsa yana kallon igiyar da yake tufka. Kullum bayan la'asar yana ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida yana tufka. Za ka ce ba ya ganin kowa. Amma ba abin da ke wuce shi. Ya san akuyar da ba ta ci ba, ya san wanda ya fita ba takalmi.

Ɗiyata tana wata huɗu, wata rana ina daka gero da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ita a kafaɗa, sai na ji ya ce wa Inna, ba tare da ya ɗago ba, "Mi ya hana ɗiyar ga goyo? Tana daka kamar mai karaya."

Inna ta biyo ni ɗaki. Ta yi ta tambaya, ni ina ta kewaye-kewaye, ƙarshe na fashe da kuka na gaya mata labarin goggo. Ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke kuwa! Tara na goya, wa na zauna ma bisa kai? Tsoron banza." Ta fita tana ba Baba labari don ya yi dariya.

Bai yi ba. Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ba na banza ba ne. Ga zamanin da muke ciki, wa bai taɓa gudu ba?"

Washegari ya fara yawo gida-gida yana roƙon tukwanen ƙasa masu tsaga, waɗanda aka jingine a bayan ɗaki ba a dafa komai a ciki. Mutane suka fara ƙus-ƙus, wai tsufa ya fara taɓa shi. Wata maƙwabciya ta tambayi Inna ko magani zai haɗa. Inna ta ce, "Ki tambaye shi. Ni ma kallo nike."

Bayan kwana biyu, da hantsi, maza sun tafi gona, na ji wani abu ya fashe a bayan rumbu. Na leƙa ta tsakanin danga. Ga Baba, tsoho mai furfura, ya ɗaure tukunya a bayansa da tsohon zanen Inna, kamar mai goyo. Inna tana bayansa riƙe da bakin zanen. Ya ce, "Ja!" Ta ja. Ya yi tangal-tangal, ya buɗe hannuwa sama kamar mai kama iska, ya tafi ta baya. Tukunya ta tarwatse.

Ya zauna cikin tsingaro yana duban tafin hannunsa. Ya ce, "Shekara hamsin ina hana hannun ga taɓa ƙasa. Yau ina roƙonai ya taɓa, ya ƙiya."

Inna ta ce, "Da goyon gaske ne da yanzu muna wanke gawa. Tashi, sarkin kokawa. Ga wata."

Daga baya Inna ta fahimtar da ni. A kokawa, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ya taɓa ƙasa an kayar da shi. Don haka ɗan kokawa ba ya koyon faɗuwa, ƙin faɗuwa yake koya. Yakan tsaya yana turjiya har ƙarshe, idan ya tafi kuwa gaba ɗaya yake tafiya. Wannan turjiyar da ta sa makaɗa suka yi masa kirari, ita ce take fasa tukunya. Sai da Baba ya kwance abin da jikinsa ya sani kafin ya sami abin da zai koya mini. Mako guda ya yi yana faɗuwa a bayan rumbu. Gwiwoyinsa suka kumbura, Inna tana gasa masa da ruwan zafi tana masa tsiya. Ran da ya faɗi sau uku tukunya ba ta fashe ba, ya aiko a kira ni.

Nan kuma wata matsala ta taso. Yaya zan yi birgima a ƙasa a gaban surukina? Na tsaya a bakin rumbu, tukunya a bayana, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ban motsa ba. Shi kuma ba zai taɓa ni ba, ba zai ma tsaya yana kallona ba.

Sai ya ja kujerarsa 'yar tsugunne, ya kai ta gindin katanga, ya zauna ya ba mu baya. Fuskarsa tana kallon bango. Ya ce, "To, ba ni nan. Kunnena kaɗai na bari. A ja ta."

Haka ya koyar da ni daga farko har ƙarshe, da bayansa. Inna ce hannunsa, ita ke ja, ita ke turawa, ita ke damƙar wuyan hannuna. Shi sauraro kawai yake yi. Kuma wallahi ya fi mai ido gani. Idan na faɗi sai ya ce, "Wannan tafin hannu ne kaɗai, za ki karye. Sa hannun duka, har gwiwar hannu." Ko ya ce, "Na ji haƙora sun haɗu. Maƙale haɓa ga ƙirji." Ko ya ce, "Wannan zama kinka yi, ba faɗuwa ba." Na taɓa tambayar Inna ko yana satar kallo. Ta ce, "Mutumin da ya shekara ashirin yana jin ƙarar ƙartai suna zuba ƙasa? Ya san muryar kowace gaɓa."

Ranar farko na fasa tukunya. Inna ta ja ni ta baya, ni kuma na yi abin da kowa zai yi, na ja gaba da ƙarfi, ta sake ni, ƙafata ta zame, na zauna daɓas. Da na ji ƙarar a bayana sai na manta tukunya ce. Na kwance zanen, na ga tsingaro yana zubowa, na yi ta kuka kamar an yi mini mutuwa. Inna ta zo za ta ɗaga ni. Baba ya ce, "Bar ta. Ta yi kukan yanzu, bisa tukunya." Da na yi shiru ya ce, "Ɗauko wata."

Abin da ya koya mini ba shi da yawa, maimaitawa ce take da yawa. A ɗaure majanyi sama, a ƙulle a gaba, kada goyo ya yi lilo. Idan za a faɗi, a karya gwiwa, a tafi gaba, hannuwa su riga komai isa ƙasa. Idan an ja ki ta baya, kada ki yi ja-in-ja, ki juya wajen da aka ja ki, ki bi hannun, sai bayanki ya koma sama. Da kin taɓa ƙasa, ki zamo da goyo ta ƙarƙashin hammata ya dawo ƙirji, ki rufe shi da jikinki. Kada ki kwanta kina tunani, kafa ƙafa ɗaya ki tashi. Idan an damƙe miki hannu, ƙofa tana wajen babban yatsan mai riƙon, ta nan ake murɗewa a fita. Inna tana da riƙo kamar na maƙeri, na yi sati biyu da shaida a wuyan hannu.

Bayan wannan sai gudu. Yakan sa a zuba yashi a tukunya har ta kai nauyin yaro, in kewaye rumbu da ita, shi yana ƙirga takuna da kunne. Ranar farko zagaye huɗu na yi na zube ina haki. Ya ce, "Gudu ma sana'a ce. Kowa na cewa in ta ɓaci zai gudu, kamar ƙafa ta yi mishi alkawari." Kafin damina ta faɗi ina yin ashirin, kuma ciwon bayan da nake fama da shi tun haihuwa ya tafi, ban san ranar da ya tafi ba.

Bai taɓa yi mana ƙarya game da iyakar abin ba. Faccalata, matar wan maigidana, ta shigo cikinmu daga baya, sai maƙwabta biyu. Wata rana ta ce cikin wasa, "Baba, yaushe za a koya muna naushi? Ni ina son in kai ƙato ƙasa." Ya ce, "Mai bindiga ba a kokawa da shi, kowa ya ce miki ana yi ya cuce ki. Ni ba faɗa nike koya muku ba. Ku fita da abin da ke bayanku lahiya, shi ke nan nasara."

Rigima ɗaya na ga ya yi a gidan, da babban ɗansa, wanda muke kira Yaya. Yaya ya dawo daga gona da wuri ya tarar da mu huɗu a ƙasa, duk mun yi buɗu-buɗu da ƙura, har da matarsa. Ya tsaya a kan Baba ya ce, "Baba, mutane na magana. Matan aure na birgima tsakar gida kamar jakkai. Kare su aikinmu ne, mu maza."

Baba ya ce, "Kana gona, suna rijiya. Kana kasuwa, suna hanyar asibiti. Ta ina kake kare su?"

"Amma dai ai da kunya."

"Ɗaura tukunya."

"Ni?"

"Kai. Ai ɗan ɗan kokawa ne kai. Ɗaura mu gani."

Mu muka shige ɗaki, amma ƙofa ba ta rufu duka ba. Yaya ya ɗaura yana ƙunƙuni. Inna ta zagaya bayansa, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, ɗan nan," ta fizge shi. Ya turje, ya buɗe hannuwa sama daidai yadda Baba ya yi ranar farko, ya tafi ta baya. Ƙarar har zaure. Faccalata ta cusa gyale a baki don kada a ji dariyarta.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni na koya maka wannan, laifina ne. Tashi." Yaya ya tashi ya kakkaɓe riga ya fita. Kwana uku ba ya zama cin tuwo da Baba. Bai ce ya yarda ba, amma bai ƙara magana ba.

Ɗiyata tana wata shida na fara goya ta. Ban gaya wa kowa ba. Da safe na ɗora ta, na ƙulle majanyi sama yadda aka koya mini. Na je na ɗauki taɓarya. Baba yana zaure, bai gan ni ba. Sai na ji muryarsa daga can: "Yau turmi ya ji hannu biyu." Abin da ya faɗa ke nan. Da la'asar ya aiko Inna da ƙullin ƙuli-ƙuli ta ba ni.

Ranar da abin ya zo, ba a yadda nake zato ya zo ba.

Mun je suna wajen Birnin Tudu, ni da faccalata, yarinyar tana wata goma sha ɗaya. Bayan azahar muka kamo hanya da ƙafa za mu fita titi mu sami mota. Akwai wata 'yar gada a kan magudanar ruwan da ke ban ruwan gonaki, ta siminti, ba ta da abin dafawa, mutum biyu ba sa jerawa a kanta da daɗi. Lokacin cirar albasa ne, gonaki cike da mutane. Muna dab da gadar sai aka ji rurin babura masu yawa daga gabas. Wani ya ɗaga murya, "Ga su nan!"

Ban san yadda zan kwatanta ba. Mutanen da ke sunkuye a gona duk suka miƙe lokaci ɗaya, kuma duk gadar nan suka nufa. Na rasa faccalata. Na hau gadar ana tura ni ta ko'ina. Ina tsakiya sai na ji an cafki majanyina ta baya, an ja da nauyin mutum guda. Wata dattijuwa ce ta yi tuntuɓe, ta kama abin da hannunta ya samu. Na ji diddigena ya bar ƙasa. Bayana, inda kan ɗiyata yake, ya nufi gefen siminti.

Wannan shi ne abin da na shekara ina gani a raina. Amma ban yi tunani ba, ba lokaci. Jikina ne ya juya wajen da aka ja ni. Gwiwa ta karye, haɓa ta maƙale, hannuwana suka daki siminti tun daga tafi har gwiwar hannu. Na zamo da yarinyar ta hammata, ta dawo ƙirjina tana tsala ihu. Wani ya taka mini ƙafa, wani ya bi ta kan zanena. Dattijuwar ta saki majanyi ta damƙi wuyan hannuna, idanunta a rufe, ba ta ma san wa ta riƙe ba. Na murɗa ta wajen babban yatsa na fita. Na kafa ƙafa ɗaya, na tashi, na ƙetare.

A gindin wata bishiyar mangwaro na tsaya na duba ta. Na shafa kanta, na shafa bayanta, na lanƙwasa hannuwanta da ƙafafunta. Ko ƙwarzane babu. Ihun tsoro ne kawai. Ni kuwa fatar hannuwana ta saɓule, jini yana bin yatsuna, ban ji ba sai da faccalata ta iso ta nuna mini.

Baburan suka wuce ta can titi. Daga baya aka ce 'yan rakiyar ango ne. Da gadar ta yi sauƙi na miƙa wa faccalata yarinyar, na koma na ɗaga dattijuwar. Ta gurɗe a ƙafa. Ta yi ta ba ni haƙuri, ni ma ina ba ta.

Da muka iso gida labari ya riga mu. Inna ta tare ni a zaure ta karɓe yarinyar tana jujjuya ta. Baba yana ƙarƙashin darbejiya da igiyarsa. Na durƙusa daga nesa yadda na saba. Bai amsa gaisuwar ba. Ya ce, "Da mi kinka sauka?"

Na ce, "Da hannu, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"Wadda ta ja ki fa?"

"Na koma na ɗaga ta."

Sai na ji kujera ta motsa. Na ɗago kaɗan, na ga ya juyo gaba ɗaya yana dubana. Tun da aka kawo ni gidan, ranar ce kaɗai muka haɗa ido. Ya dubi hannuwana da suka saɓule, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa Inna, "Kawo ta." Ta ɗora masa yarinyar a cinya. Ya shafa ƙeyarta da babban tafin nan nasa, ya ce, "Duk kayen da na yi a duniya bai kai wannan faɗuwa ba." Sannan ya mayar da fuskarsa ga igiya, ya ce a dafa ruwa a wanke mini ciwo.

Bayan wannan mata suka ƙaru. Wasu mazansu suka bari, wasu suka zo da sunan aron taɓarya. Tukwane masu tsaga suka yi wuya a unguwa, har muka koma ɗaura tsofaffin ƙore.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da sanyin bana ƙirji ya kama shi, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, ya kwanta. Muka daina zuwa bayan rumbu don kada mu dame shi. Kwana biyu sai ya aiko Inna: wai gidan ya yi shiru kamar an tashi, a ci gaba, a kuma buɗe masa taga. Muka ci gaba. Kwana huɗu kafin ya cika, wata sabuwar zuwa ta faɗi, sai muka ji muryarsa ta taga, a shaƙe, yana tari tsakani: "Waccan... zama ta yi." Muka yi dariya, sannan kowacce ta juya tana share ido. Shi ne gyaransa na ƙarshe. Ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, Inna tana riƙe da hannunsa.

A cikin matan da suka zo gaisuwa har da dattijuwar nan ta gada. Ban san wa ya gaya mata ba. Ta zo tana ɗingishi, da jikarta mai sabon goyo. Ta yi addu'a, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba amma ta san aikinsa. Kafin ta tafi ta tura jikar gabana ta ce, "Ga ta nan. Ranar da kunka koma, a sa ta."

A lokacin ban san ko za mu koma ba. Yanzu Yaya ne babba a gidan. Bayan addu'ar bakwai na kwana biyu ina juya maganar, don ni ba mai iya tsayawa gaban manya ba ce. Amma na tuna tsoho mai furfura yana zube cikin tsingaro saboda tsoron wata yarinya da ko fuskarta bai sani ba. Na je na durƙusa a bakin zaure na ce, "Yaya, muna son mu ci gaba da abin Baba."

Ya ce, "Wa zai koyar?"

Na ce, "Ni."

Ya dubi tabon hannuwana. Ya ce, "Ku riƙa rufe ƙofar zaure dai."

Jiya muka koma, mu bakwai. Inna tana takaba, ba ta ja kowa, amma ta sa aka kai mata kujerar 'yar tsugunne gindin katanga. Ta zauna ta ba mu baya, ta ce ita ma za ta gwada kunnenta. Ni ce nake ja yanzu. Har yau ina jin tsoro, duk lokacin da na ji babura gabana yana faɗuwa. Amma ina goyo, ina daka da hannu biyu, kuma jikar dattijuwar nan ta fasa ƙwaryarta ta farko ta yi kuka, na ce a bar ta, sannan na ce ta ɗauko wata.

Maza sun ce gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a salla. Su riƙe nasu, gaskiya ne a fagen da suka san shi. Ni shaida ce cewa ta taɓa, sau da yawa, da gangan, kuma ina fatan Allah ya sa wannan a mizaninsa.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa abu biyu. Ya yi wa surukina addu'a, ko da bai san sunansa ba, Allah ya sani. Sannan idan akwai mai goyo a gidanku, kada ku ce mata tsoron banza take yi. Ku nemo tukunya mai tsaga, ku ɗaura mata a baya, ku sami wuri mai yashi, ku ja ta a hankali. Ku bar ta ta fasa tukunya yau.